Ba a biya ni ba, Malam: amsa kan ta'aziyyar makiyayin Texas

Assalamu alaikum Malam,

Ina gaisuwa, da fatan iyali suna lafiya. Na ga tambayar da ka jefo mini a shafinka na Facebook. Kana da lambar wayata, ka kuma san ban taɓa ƙin ɗaukar kiranka ba, amma tunda a bainar jama'a ka ga dama ka tare ni, nan ɗin zan ba ka amsa.

Ga wanda bai ga mafarin zancen ba: na rubuta 'yar ta'aziyya ga wani dattijo makiyayi da ya rasu a nan arewacin jihar Texas ta Amurka, mutumin da na yi aiki a gandun kiwonsa lokacin da nake karatun kiwon dabbobi a garin Canyon, wanda ya ƙarar da ƙarfinsa yana aikin kwana-kwana na sa-kai a ƙauyensu. Sai Malam ya kwafo rubutun, ya ɗora da cewa wai wa ya aiki wannan yaron ya yi wa Bature Kirista makoki alhali kullum ana binne namu a Zamfara da Katsina, kuma nawa masu son a killace Fulani suka biya shi ya zo yana tallata mana kiwon Amurka?

Maganar addinin ba za ta ja mu da nisa ba, don kai ma ka san amsarta, ka dai saka ta ne don ta tara maka jama'a. Ban roƙa masa gafara ba, ban yanke masa makoma ba. Rubutun yana nan, mai so ya sake karantawa. Alherin da na gani da idona na faɗa, na kuma jajanta wa iyalinsa. Kai da bakinka ka karantar da mu a masallacin makaranta, muna sababbin shiga kana ajin ƙarshe, cewa an wuce da gawar wani Bayahude sai Manzon Allah (SAW) ya miƙe tsaye, da aka ce masa ai Bayahude ne sai ya ce, ashe ba rai ba ne? Bukhari da Muslim duk sun kawo shi. In an gano wani hadisin da ya shafe wannan bayan tafiyata, don Allah a turo mini in ƙaru.

Kalmar "yaro" kuwa na yafe ta. Furfurar da ke gemuna ba ta ji haushi ba.

Abin da ya hana ni barci shi ne "nawa aka biya shi". Malam, ka san gidanmu. Ka ci tuwo a zauren mahaifina. Ka san mahaifiyata 'yar Fulani ce, kuma ka san 'yan'uwanta sun rasa shanu a hannun ɓarayin daji kamar yadda dubban mutane suka rasa. Duk da haka ka iya zama ka rubuta, a gaban mutanen da ba su san ni ba, cewa ana iya sayen bakina a kan dangin uwata. Wannan ba tambaya ba ce, ƙazafi ne aka sa wa alamar tambaya don in an tsare ka ka ce ai tambaya kawai ka yi.

To bari in gaya maka abin da aka biya ni. Jami'a ce ta tura ni gandunsa sanin makamar aiki, ya riƙa biyana ladan awa kamar kowane lebura: in ja waya in ɗaure a turke, in fasa ƙanƙarar da ta daskare a kan komin ruwan shanu da asubar hunturu, in danne maraƙi ana yi masa lalas da allura. Iyakar kuɗin gidan da ya taɓa shiga aljihuna ke nan, kuma da gumina na ci. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, ni kuwa babu kuturun da nake riƙe da ladansa. Matarsa da ya bari ba ta jin Hausa, ba ta san menene RUGA ba, wato shirin gwamnatin Najeriya na tsugunar da makiyaya, kuma abin da ke gabanta yanzu shi ne yadda za ta biya bashin banki, ba ɗaukar hayar marubuci a Najeriya ba.

Na lura da kai da masu yi maka amshi kuna jin an ce mai gandun kiwo a Texas sai ku hango wani hamshaƙi da faffaɗar hula da jirgin sama a bayan gida. Akwai irinsu. Gandun kiwon King Ranch da ke kudancin jihar ya haura eka 800,000. Amma dattijon nan ba ya cikinsu. Ƙasar da yake kiwo a kai wani yanki gadon kakansa ne, wani yanki haya. Sau ɗaya a shekara yake ganin kuɗi, in kaka ta yi ya yaye maruƙa ya kai su gwanjo, kuma ba shi ke yanke farashi ba, don kamfanoni huɗu ne kacal ke yanka kusan kashi 85 cikin 100 na shanun da ake turkawa a Amurka. A farin 2011, wanda Texas ba ta taɓa ganin shekara guda mai tsananinsa ba tun da aka fara ajiye lissafin ruwan sama, sai da ya sayar da mafi yawan garkensa don babu ciyawa babu kuɗin ingirici. Matarsa a ofishin makarantar garin ta yi aiki har ta yi ritaya, ba don sha'awa ba, don ta nan ne kawai gidan zai samu inshorar lafiya. A-kori-kurarsa ta girmi wasu daga cikin masu zagina a ƙarƙashin rubutunka.

Ba waliyyi nake ce maka shi ne ba. Yankin nasu na 'yan jam'iyyar Republican ne na gani-kashe-ni. Akwai gundumar Roberts a kusa da su wadda ta ba Donald Trump fiye da kashi 90 cikin 100 na ƙuri'unta a 2016, ta sake ba shi a 2020. Shi ma can ya karkata, bai kuma ɓoye mini ba. Da aka saka Najeriya cikin ƙasashen da aka taƙaita wa bizar zama a farkon 2020 mun yi musu sosai a gindin shinge, ban sauya shi ba, bai sauya ni ba. Amma mutumin nan shi ne ya share mini lungu a rumfar ingirici ya ce nan ne wurin sallarka, kada kowa ya jingina kaya. Shi ya sayi sabuwar waya ta gashi ya ajiye daban don kada namana ya haɗu da inda aka gasa alade. Da Babbar Sallah ta zo ya bar mu muka yanka layya a bayan shingensa, ni da wasu 'yan Somaliya masu aiki a mayankar garin Amarillo, ya tsaya daga gefe ya cire hularsa har muka gama. Kowane dare sai ya kira 'yarsa da ke aikin jinya a wani gari ya ji ta isa gida kafin ya kwanta. Jikokinsa a cinyarsa suka koyi tuƙin tarakta. In irin wannan mutum ya mutu na yi shiru don tsoron bakinka, ai tarbiyyar da aka yi mini a gida ta tashi a banza.

Kuma duk wannan ba shi ne ƙashin bayan rubutuna ba. Kwana-kwanan ne, wanda ka tsallake kamar ba ka gani ba.

A Amurka, kusan biyu cikin kowane uku na 'yan kwana-kwana ba albashi suke karɓa ba. Ƙididdigar 2020 ta ƙungiyar kariya daga gobara ta Amurka (NFPA) ta nuna cikin mutum 1,041,200 masu wannan aiki, 676,900 na sa-kai ne. Abin ya samo asali tun kafin ƙasar ta sami 'yanci, don Benjamin Franklin, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa ƙasar, ya kafa irin wannan ƙungiya a Philadelphia a 1736. A ƙauyen dattijon nan babu ɗan kwana-kwana ko ɗaya da gwamnati ke biya. Makiyaya ne, da mai walda, da direban motar 'yan makaranta, da fasto. Motar tasu tsohuwar motar soja ce da hukumar gandun daji ta jihar ta ba su, suka ɗora mata tanki da injin ban-ruwa da hannunsu. Kuɗin mai da taya kuwa sai sun gasa nama sun sayar a dandalin gari, ko su tsaya a bakin titi da takalmin aiki a hannu masu wucewa na jefa canji. Oba-oba tana ƙugunsa a coci, tana gefen farantinsa in yana cin abinci, tana kan durowa in ya kwanta. Ta yi ƙara ya tashi, ko gidan wa ye.

Ranar 26 ga Fabrairu 2024 wuta ta tashi kusa da garin Stinnett. Binciken da majalisar dokokin jihar ta yi daga baya ya nuna ruɓaɓɓiyar falwaya ce ta karye, wayar lantarki ta faɗa cikin ciyawa. Daminar da ta gabata ta yi kyau, ciyawa ta yi tsawo, hunturu ya busar da ita ƙayau, ga zafi da bai saba zuwa a wannan watan ba, ga iska. Washegari sai iskar ta juya ta taso daga arewa, gefen wutar mai tsawon mil da yawa ya koma shi ne goshinta. Gobarar da aka sa wa suna Smokehouse Creek ta cinye fiye da eka miliyan ɗaya, wato faɗin da ya zarce jihar Legas gaba ɗaya, kuma ita ce mafi girma a tarihin Texas. Ta zagaye garin Canadian har aka ce waɗanda ba su riga sun fita ba su zauna inda suke, don hanyoyi sun toshe. Wata wutar da ta tashi a kusa ta sa masana'antar Pantex, inda Amurka ke harhaɗa makaman nukiliyarta, ta dakatar da aiki na ɗan lokaci. Mutum biyu suka mutu a wutar Smokehouse Creek ɗin, a gobarorin yankin kuma ɗaruruwan gine-gine suka ƙone, shanu kuwa an ƙiyasta wajen 15,000.

A daren da wutar ta ratsa makiyayarsa dattijon nan ba ya gida. Yana can gefen wani ƙauye shi da abokan aikinsa suna jiƙa bayan gidajen mutane, gireda na yanka hanya a gabansu don wutar ta rasa abin ci. An kira shi a oba-oba an gaya masa ta shiga nasa. Bai baro ba, don in ya janye motar babu wata da za ta maye gurbinta. Mu muna cewa in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta shafa wa naka ruwa. Shi ruwan ya ɗauka ya kai wa maƙwabci. Matarsa da wani yaron maƙwabta ne suka bi shinge da almakashin waya suna datsewa don shanun su sami hanyar gudu, wasu suka fita, da yawa ba su fita ba.

Na je bayan wutar ta lafa, cikin masu taimaka wa likitocin dabbobi. Har dusar ƙanƙara ta sauka a kan tokar a ƙarshen wannan watan. Waɗanda suka mutu nan take, da muka tarar jibge a kusurwar shinge, su ne suka huta. Abin da ba ya fita raina shi ne waɗanda suka tsira a tsaye: hantsa ta ƙone ba za ta sake shayar da maraƙi ba, kofato ya fara saɓulewa, ido ya tafi. Babu magani, sai harbi. An ce masa ya koma gida wasu su yi masa, ya ce a'a, shi ya karɓi haihuwarsu, shi zai sallame su. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana kiran kowace da sunan da ya raɗa mata. Duk wanda ya taɓa zama a ruga ya san abin da hakan ke nufi, ba sai na yi masa bayani ba. A makonnin da suka biyo baya tireloli suka riƙa shigowa daga wasu jihohi maƙare da ingirici da wayar shinge, kyauta, daga manoman da ba su taɓa ganinsa ba.

Wani a ƙarƙashin rubutunka ya ce ai ba ma a wutar ya mutu ba, to jarumtar me? Gaskiya ne, ba a wuta ya mutu ba. Zuciya ce ta tsaya masa yana kan gyaran shingen da har lokacin bai gama mayarwa ba. A wurin jana'izarsa motocin kashe gobara na ƙauyukan kewaye suka yi jerin gwano, aka yi masa abin da suke yi wa nasu: mai kula da oba-oba ta gunduma ta kira lambarsa kowa na ji, ba amsa, ta sake kira, ba amsa, sannan ta sanar cewa ya sauka daga aiki. Ƙarti masu taurin kai suka riƙa share ido da bayan hannu.

Yanzu zancen tallata kiwon Amurka. Malam, da ka tambaye ni a waya da na ba ka hujjojin da suka fi naka kaifi, don ni na zauna a ciki, kai a allon taron bita ka gan shi. Gandun kiwon yankin nan a kan ƙasar Comanche da Kiowa, ƙabilun asali na wurin, aka gina shi. A 1874 sojan Amurka ƙarƙashin Kanar Ranald Mackenzie suka auka wa sansaninsu a kwazazzabon Palo Duro, suka harbe dawakinsu fiye da 1,000, 'yan farauta kuma suka ƙarar da ɓaunar da suke rayuwa a kanta. A 1876 wani makiyayi Charles Goodnight ya koro shanunsa cikin wannan kwazazzabon. A waccan shekarar ta 1874 wani manomi Joseph Glidden ya yi rajistar waya mai ƙaya, daga baya ya buɗe gandu kusa da inda Amarillo take a yau don ya nuna wa duniya amfaninta. Wato sai da aka kori masu yawo da dabba tukuna aka sami filin killacewa. Yau fiye da kashi 90 cikin 100 na ƙasar Texas mallakar ɗaiɗaikun mutane ce da takarda a hannu, kuma a yankin nan saniya guda da ɗanta na buƙatar wajen eka 20, wani wurin fiye. Ka lissafa wa Bafulatani mai shanu 50, ka gaya mini a wace ƙaramar hukuma za a yanka masa wannan filin, kuma wa za a tasa. Shingen da ake yi mana wa'azi da shi, na ga shanu sun mutu a jikinsa don ya hana su gudu. Na faɗi wannan lokacin da Binuwai ta kafa dokar hana kiwon sake a 2017, na maimaita da aka dakatar da shirin RUGA a 2019, na ce a fara dawo da burtali da makiyayun da dokar 1965 ta keɓe a Arewa waɗanda manya suka mayar gonakinsu. Yana nan a shafina, da kwanan wata. Wanda aka biya ya tallata haja ba ya kushe ta haka.

Kuma tunda zancen biya ka kawo, mutane ba su manta ba cewa tun da aka ƙirƙiro ma'aikatar bunƙasa kiwo ta tarayya a 2024 wasu suka wayi gari sun zama masoyan Fulani na ƙarshe, suna zarya otal-otal ɗin Abuja da takardar alawus a hannu, alhali ba su iya bambance karsana da bijimi ba. Ban ce kai ne ba. Ni ma tambaya kawai nake yi.

Batun cewa na manta da namu, je ka duba abin da na rubuta a kan Tudun Biri a Disambar 2023, da jirgin soja marar matuƙi ya jefa bam kan masu Maulidi. Duba na Majiya a Oktoban 2024, da tankar mai ta kama da wuta ta kashe mutum fiye da 150 a Jigawa. Waɗanda muka haɗa gudummawa tare da su suna raye, suna kuma karanta wannan. Zuciya ba ta cika don an ƙara mata mamaci guda.

Ai don namu ɗin ma na rubuta ta'aziyyar da Hausa. Da yabon Turawa nake nema da Turanci zan yi, a jaridar garinsu. Abin da ke ci mini rai shi ne duk hunturu sai kasuwanninmu sun ƙone. Kasuwar Sabon Gari ta Kano ta rasa dubban shaguna a 2016, kuma tun daga lokacin ba a daina ba, daga wannan kasuwa sai waccan. Labarin kullum iri ɗaya ne: an kira 'yan kwana-kwana, sun iso a makare ko ruwa ya ƙare musu, layukan kasuwa sun cushe da tebura mota ba ta shiga, matasa sun fusata sun jefe su, sauran jama'a sun ɗaga waya suna ɗauka. Gwamna ya zo jaje, a kafa kwamiti, a jira na baɗi. Alhali ba mutanen kirki muka rasa ba. Dubi 'yan agajin Izala da na Fityanul Islam da na Jama'atu Nasril Islam, da kakinsu da horonsu, suna tsayuwa cikin rana a filin idi da sansanin alhazai ba ko sisi. Kowace kasuwa tana da ƙungiyar 'yan kasuwa mai karɓar kuɗin mako. Kowane ƙauye ya san aikin gayya. Wa ya taɓa tara waɗannan ya haƙa musu rijiyar burtsatse a tsakiyar kasuwa, ya saya musu tanki da mesa, ya kira hukumar kashe gobara ta koya musu yadda ake tunkarar wutar lantarki da ta fetur? Mutanen ƙauyen dattijon nan ba su fi mu kuɗi yadda kake zato ba, ba su fi mu imani ba, kuma su ma kuka suke da gwamnatinsu, don rahoton majalisar ya nuna na'urorin sadarwarsu ma ba sa jin juna a ranar gobarar. Sun dai ƙi zama su jira. Mutum irinka mai mabiya dubbai da bakin da ake ji a gidan rediyo, da wannan ka ɗauka ka yayata da yanzu wata kasuwar ta fara. Sai ka zaɓi ka tambayi addinin mamaci da kuɗin aljihuna, don ka san shi ya fi kawo tsokaci.

Abu ɗaya nake nema. In kana da shaidar wanda ya biya ni, suna ko rasit ko saƙon waya, ka manna a shafin nan naka kowa ya gani, na ba ka izini. In babu, ka janye kalmar a inda ka furta ta, da girman rubutun da ka yi ta, ba a saƙon sirri da tsakar dare ba. Mahaifiyata an karanta mata abin da ka rubuta, kuma ta tambaye ni ko kai ne wanda take zuba wa fura in kun zo hutu. Na ce mata kai ne.

Wassalam,
ƙaninka, daga Amarillo.